Gyambon da ya ƙi warkewa: Abin da bandeji mai kashe ƙwayoyin cuta zai iya yi wa manoman Imanan, da inda ƙarfinsa ya tsaya

Da zarar sanyi ya shigo, harkar noman rani takan kankama a Bonkuku, hedikwatar ƙaramar hukumar Imanan da ke gundumar Filinge a jihar Tillaberi ta Jamhuriyar Nijar. Garin yana cikin kwarin Dallol Bosso, inda ruwa ba ya da nisa a ƙarƙashin ƙasa, kuma ya yi suna wajen noman dankalin Turawa da ake lodinsa zuwa kasuwannin Yamai.

Aikin na ƙafa ne da hannu. Manomi yakan wuni cikin laima, sau da yawa ba takalmi ko kuma da silifa, tsakanin hauya da ƙaya da injin ban-ruwa. Ɗan yanka a dunduniya ko ƙunar salansar babur a ƙwauri ba abin da ake tsayar da aiki dominsa ba ne. A ɗaure da tsumma a ci gaba.

Yawancin irin waɗannan raunuka sukan warke cikin mako biyu ko uku. Wasu kuwa sai su zauna. Bakin ciwon ya yi kauri, cikinsa ya yi fari-fari ko rawaya, ruwa ya riƙa tsatsa, wari ya biyo baya. Shi ne Bahaushe ke kira gyambo. Likitoci kuma suna lissafa duk raunin da ya shafe mako huɗu zuwa shida ba ya nuna alamar rufewa a matsayin ciwon da ya zauna, wanda ke buƙatar a binciki dalilinsa.

A 'yan shekarun nan, kamfanonin kayan asibiti sun cika kasuwar duniya da bandeji masu ɗauke da sinadaran kashe ƙwayoyin cuta: na azurfa, na aidin, na zuma da sauransu. Ana samun wasu daga ciki a manyan kantunan magani na birane, da tsada. Tambayar da ke gaban iyalin da ke jinyar mai gyambo a Imanan ko a ƙasar Kurfai ita ce: shin ya dace a sayar da buhun dankali ko akuya a sayo irin wannan bandeji? Amsar da bincike ya bayar ta danganta ne da irin ciwon, da lokacin da aka sa bandejin, da kuma abin da aka haɗa shi da shi.

Me ke hana ciwo warkewa?

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fata ce bangon jiki, kuma duk inda ta tsage ƙwayoyin cuta za su sauka. Kasancewarsu a kan rauni kaɗai ba ya nufin raunin ya harbu. Matsala tana farawa ne idan suka yi yawan da jiki ya kasa shawo kansu.

A cikin gyambo, ƙwayoyin cutar sukan haɗu su gina wa kansu wani yauƙi da ke manne a kan naman, kamar santsin da ke kama cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Zuba ruwa kawai ba ya fitar da santsin randa, sai an sa hannu an goge. Haka wannan yauƙin yake: yana kare ƙwayoyin cutar daga magani da kuma sojojin jini. Wani nazari da aka wallafa a 2017, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya gano irin wannan yauƙi a kusan kashi 78 cikin 100 na raunukan da suka zauna.

Sai dai ƙwayoyin cuta ba su kaɗai ke riƙe gyambo ba. Kusan kullum akwai wata lalura a ƙarƙashi.

Ta farko ita ce ciwon suga. Yana kashe jijiyoyin ji a tafin ƙafa, har mutum ya taka ƙusa bai sani ba, kuma yana rage gudun jini. Ƙungiyar Masu Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da cutar a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da ita ba. Masana sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu ciwon suga za su yi fama da gyambon ƙafa a wani lokaci a rayuwarsu.

Ta biyu ita ce amosanin jini, wato sikila, wadda ta yawaita a Nijar har aka kafa mata cibiya ta ƙasa a Yamai. Gyambonta yakan fito kusa da idon sawu, yana da zafi ƙwarai, kuma yakan warke ya dawo.

Akwai kuturta, wadda ita ma ke kashe ji a hannu da ƙafa. Akwai kumburin jijiyoyin jini na ƙwauri, da ciwon da ke kama tsoho ko wanda ya shanye saboda daɗewa a kwance ta gefe ɗaya. Akwai ramin da saran kububuwa ke bari bayan nama ya ruɓe, da miki mai kama da ƙurji da cizon wani ɗan ƙaramin ƙwaro ke haddasawa a ƙasashen Sahel, wanda likitoci ke kira leshmaniya. Ga kuma rashin abinci mai gina jiki, wanda ke rage wa jiki ƙarfin yin sabon nama.

Dattawan yankin ba su manta da kurkunu ba, wanda kan kwantar da manomi ana tsakiyar damina, ya bar masa miki a ƙafa. Jihar Tillaberi na cikin wuraren ƙarshe da cutar ta rage a Nijar kafin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta tabbatar a 2013 cewa ƙasar ta rabu da ita. An ci wannan nasara ce ta hanyar tace ruwan sha da hana masu ciwon shiga tafki, wato an bi cutar har tushenta.

Daga ruwan Dakin zuwa bandejin azurfa

Duk wanda ya taɓa zuwa wankin ciwo a cibiyar lafiya ta CSI a Nijar ya san kwalabe biyu: mai ruwan hoda-hoda da ake kira Dakin, da mai ruwan ƙasa-ƙasa da ake kira Bétadine.

Ruwan Dakin ya samo asali ne daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wani masanin haɗa sinadarai ɗan Ingila, Henry Dakin, da likitan fiɗa ɗan Faransa, Alexis Carrel, su suka samar da shi a 1915 domin wanke raunukan sojoji. Dangin ruwan bilic ne da aka tsarma ƙwarai aka kuma daidaita shi don jikin mutum, shi ya sa ba a yarda kowa ya haɗa nasa a gida da bilic na wanki ba. Yana da amfani a kan ciwo mai ruɓaɓɓen nama da ɗiwa, amma zafi da hasken rana suna rage masa ƙarfi, kuma idan ciwo ya riga ya yi ja ya fara tsiro da sabon nama, ci gaba da zuba shi na iya jinkirta warkewa.

Bétadine kuwa aidin ne. Yana kashe ƙwayoyin cuta iri-iri, yana da araha, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na WHO. Akwai wani sabon samfurin aidin mai suna cadexomer, wanda ake yi kamar gari ko man shafawa. Yana tsotse ruwan ciwo yana sakin aidin a hankali, idan ya ƙare kuma launinsa ya koɗe, alamar lokacin canji ya yi. Likitoci suna taka-tsantsan da aidin ga masu maƙoƙo ko wata cutar maƙogwaro makamanciyarta, da masu juna biyu, da masu shayarwa, da jarirai, da masu ciwon ƙoda, musamman idan ciwon yana da faɗi.

Azurfa ita ce ta fi tashe a kasuwa. Tun a 1968 wani likita a Amurka, Charles Fox, ya fito da man shafawa mai azurfa domin masu ƙuna, wanda a ƙasashen da ke amfani da Faransanci aka fi sani da sunan Flammazine. Daga baya aka riƙa saƙa azurfar cikin ƙyalle ko soso na musamman. Idan ruwan ciwo ya jiƙa shi, sai ya riƙa sakin azurfar kaɗan-kaɗan tana lalata ƙwayoyin cuta. Wasu samfuran suna iya kwana uku zuwa bakwai a kan ciwo ba a canza ba.

Akwai kuma bandeji masu sinadarin PHMB, da wani samfuri daga Suwidin da ba ya sakin magani ko kaɗan: ƙwayoyin cutar ne ke manne masa, idan aka cire shi a fita da su.

Yawancin bandejin zamani sun ginu ne a kan wani bincike na 1962. A shekarar ce wani masani ɗan Ingila, George Winter, ya nuna cewa raunin da aka rufe ya kasance da 'yar laima ya fi saurin yin sabuwar fata a kan wanda aka bari ya bushe ya yi ɓawo. Wannan ya saɓa wa abin da mutane da yawa suka taso da shi, cewa ciwo sai ya sha iska. Bandeji mai kyau yana riƙe laima daidai, yana tsotse ruwan da ya yi yawa, yana tare ƙuda da ƙura, kuma ba ya manne wa nama ya yage shi ranar canji.

Abin da bincike ya nuna

A ɗakin gwaji, babu shakka waɗannan sinadarai suna kashe ƙwayoyin cuta. Da aka zo gwada su a jikin marasa lafiya, sakamakon bai kai yadda tallace-tallace ke nunawa ba.

A 2009 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila mai suna VULCAN, a kan mutum 213 masu gyambon ƙwauri na kumburin jijiya. An sa wa rabinsu bandejin azurfa, rabi kuma bandeji na yau da kullum, aka naɗe ƙafafun kowa da bandeji mai matsewa. Bayan mako 12, waɗanda suka warke a ɓangarorin biyu kusan daidai suke, ɗan ƙasa da kashi 60 cikin 100. Bambancin da ya fito fili shi ne na kuɗi: azurfar ta fi tsada nesa.

A 2017 kuma cibiyar Cochrane, wadda ke tace binciken lafiya daga sassan duniya, ta duba gwaje-gwaje 22 da suka shafi mutum sama da 2,300 masu gyambon ƙafa na ciwon suga. Ta ce mai yiwuwa bandeji mai kashe ƙwayoyin cuta ya ƙara yawan waɗanda ke warkewa, amma hujjar ba ta da ƙarfi. Wani nazarin cibiyar na 2014 ya sami 'yar hujja da ke goyon bayan aidin na cadexomer ga gyambon ƙwauri.

Ƙa'idojin da kwamitin ƙwararru na duniya kan ƙafar masu ciwon suga, IWGDF, ya fitar a 2023 sun fi tsauri. Sun ba da shawarar kada a dogara da irin waɗannan bandeji, har da zuma, domin a warkar da gyambon ƙafar mai ciwon suga. Abin da suka sa a gaba shi ne cire mataccen nama, da ɗauke nauyin jiki daga kan ciwon, da duba gudun jini, da ba da maganin sha ko allura idan ciwon ya harbu.

Saboda haka ma'aikatan jinya da yawa suna bin wata ƙa'ida da wani taron ƙwararru ya fitar a 2012 game da azurfa: a gwada na mako biyu, sannan a sake dubawa. Idan wari da ɗiwa sun ragu, ciwo ya yi ja mai kyau, a koma bandeji na yau da kullum. Idan babu canji, a daina ɓarnar kuɗi, a sake neman dalili.

Darasin Kalaba

Zuma tana da matsayi na musamman a wajen jama'ar yankin, a addinance da kuma a al'adance, kuma ɗaya daga cikin binciken da ya dawo da ita asibitocin zamani a Afirka ta Yamma aka yi shi.

A 1988 wani likitan fiɗa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Kalaba a Najeriya, Spencer Efem, ya wallafa rahoto a mujallar likitocin fiɗa ta Birtaniya. Ya yi wa mutum 59 magani da zuma tsantsa, yawancinsu masu raunukan da suka gagari maganin asibiti. Mutum 58 sun samu sauƙi sosai: wari ya ɗauke, mataccen nama ya fita, sabo ya tsiro.

Mutum ɗayan da zuma ba ta yi masa aiki ba, daga baya aka gano gyambon Buruli ne ke gare shi, cutar da wata ƙwaya 'yar uwar ta tarin fuka ke haddasawa a yankunan fadama na gabar teku. Maganinta a yau ƙwayoyi biyu ne da ake sha na mako takwas. Da za a shekara ana zuba masa zuma, ciwon ba zai rufe ba, domin tushensa yana inda zuma ba ta kai.

Yadda zuma ke aiki sananne ne. Kusan kashi 80 cikin 100 nata suga ne, wanda ke janye ruwa daga jikin ƙwayoyin cuta. Tana da ɗan tsami, kuma idan ta haɗu da ruwan ciwo tana sakin wani sinadari mai kashe ƙwayoyi a hankali. Nazarin Cochrane na 2015, wanda ya duba gwaje-gwaje 26, ya nuna tana sa ƙunar da ba ta yi zurfi ba ta warke da kwana huɗu zuwa biyar kafin bandeji na yau da kullum. Game da gyambo kuwa, hujjar ba ta fito sarai ba.

Zumar da ake sayarwa don asibiti, irin ta manuka daga Niyu Zilan, ana tace ta a kuma kashe duk wata ƙwayar cuta da ke ciki. Ta kasuwa ba ta bi wannan hanyar ba, ga kuma algus: wasu narkakken suga suke sayarwa da sunan zuma. Shi ya sa ko da za a yi amfani da zumar gida, ya kamata ya zama ma'aikacin lafiya ne ya ga ciwon ya amince, kuma shi ke bibiyar sa.

Abin da ake zubawa a gida

Kafin mai gyambo ya isa cibiyar lafiya, sau da yawa ciwon ya riga ya sha magunguna iri-iri. Wasu garin bagaruwa suke barbaɗawa, wasu toka ko kanwa, wasu man shanu. Akwai masu zuba baƙin mai na inji ko ruwan batir, akwai masu shafa kashin shanu.

Ruwan batir yana ƙona nama mai rai, ya ƙara wa ciwon faɗi. Ƙasa da kashin dabbobi kuma su ne matattarar ƙwayar tetanus, cutar da ke sanƙarar da jiki ta sarƙe haƙora, wadda ke kisa. Duk wanda ya ji rauni a gona ko a garke, yana da kyau a tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar rigakafinta.

Wata al'adar da ta yaɗu ita ce sayen kafso a hannun masu tallan magani a ranar kasuwa, a buɗe shi a zazzage garin a kan ciwo. Garin ba ya ratsa yauƙin da ke kan gyambo, kuma yana koya wa ƙwayoyin cuta jure wa maganin. Ranar da cutar ta shiga jini aka buƙaci wannan magani da gaske, sai a tarar ba ya aiki.

Wannan ba ƙaramar barazana ba ce. Wani babban nazari da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. A nan ne bandeji mai aidin ko azurfa ko zuma ke da wata fa'ida ta daban: idan harbin bai wuce saman ciwo ba, yana iya rage buƙatar shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai.

Nisa, kuɗi da tsaro

A takarda, tsarin a bayyane yake. Mara lafiya zai fara da ɗakin shan magani na ƙauye, ya wuce CSI, daga nan asibitin gunduma da ke Filinge, idan abin ya fi ƙarfinsu a tura shi manyan asibitocin Yamai, mai nisan kusan kilomita 180 daga Filinge ta hanyar Balleyara.

A aikace, gyambo ciwo ne mai cin tafiya. Wankin ciwo da gos na yau da kullum yana buƙatar zuwa kullum ko bayan kwana biyu, na tsawon makonni ko watanni. Wanda ƙauyensa ke nesa da titi sai ya nemi amalanke ko babur, ya biya kuɗin gos da safar hannu da magani, ya kuma bar gonarsa a lokacin da dankali ke buƙatar ruwa. Da yawa sukan je sau uku ko huɗu, da zarar wari ya ragu su daina, sai ciwon ya koma baya.

Tsarin jinya kyauta da Nijar ta fara a 2006 ya shafi yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne da mata masu juna biyu, bai haɗa da magidanci mai gyambo ba. A 2024 gwamnati ta sanar da rage kuɗin jinya a asibitocinta, abin da ya sauƙaƙa wani ɓangare, amma kuɗin mota da kayan da ake rubuta wa mutum ya sayo a waje suna nan a wuyan iyali.

Matsalar tsaro ta ƙara dagula lamarin. Jihar Tillaberi ta shafe shekaru tana fama da hare-haren 'yan bindiga, an sa dokar ta-ɓaci a sassanta, kuma a farkon 2020 hukumomi sun hana zirga-zirgar babura a yankuna da dama na jihar. Ga mai ciwon ƙafa a ƙauye, babur shi ne motar asibiti.

Wannan yanayi ne ya ba bandejin zamani wata hujja da ba ta cikin gwajin Ingila. Idan bandeji ɗaya zai zauna kwana biyar ko bakwai yana tsotse ruwa yana danne ƙwayoyin cuta, to ya rage tafiya daga sau bakwai a mako zuwa sau ɗaya ko biyu. Ga wanda ke nesa, kuɗin da ya tsira na mota da ranakun aiki na iya rufe tsadar bandejin. Sharaɗin shi ne ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa, bayan ya wanke ciwon ya cire mataccen nama, kuma da ranar dawowa a tsaye.

Abin da ya fi bandeji muhimmanci

Matakan da suka fi tasiri a kan gyambo yawancinsu ba masu tsada ba ne.

Na farko, wanki. Ruwan da aka tafasa ya huce ya isa a wanke yawancin raunuka, ko ruwan gishiri mai giram 9 a lita ɗaya. Mai wankin ya fara wanke hannunsa da sabulu. Barasar asibiti da ruwan da ke kumfa a kan ciwo suna ƙona sabon nama, jan magani kuma yana rina wurin har ya ɓoye alamun da likita ke son gani.

Na biyu, cire mataccen nama. Wannan aikin ma'aikacin lafiya ne da kayan da aka dafa ko aka tsarkake, domin shi ne goge santsin randar. Bandejin azurfa da aka ɗora a kan ruɓaɓɓen nama asarar kuɗi ne.

Na uku, gwajin suga. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa, kuma duk babban da ke da ciwon ƙafar da ya wuce wata guda ya kamata ya nema. Idan an samu cutar, saukar da sugan da daina taka ciwon su ne rabin magani. Gyambon tafin ƙafa ba zai rufe ba muddin ana taka shi kullum zuwa lambu.

Na huɗu, maganin tushen. Gyambon kumburin jijiya yana buƙatar naɗi mai matsewa da ɗaga ƙafa, amma irin wannan naɗi haɗari ne ga wanda jini ba ya isa ƙafarsa, don haka sai an duba. Kuturta tana warkewa da magani na wata shida zuwa 12, wanda ake bayarwa kyauta a duniya tun 1995, kuma asibitin Danja da ke kusa da Maraɗi ya daɗe da ƙwarewa a kan raunukan masu ita. Mara lafiyan da ke kwance yana buƙatar a riƙa juya shi duk bayan 'yan sa'o'i. Wake, gyaɗa, nono, ƙwai da nama suna taimaka wa jiki ya gina sabuwar tsoka.

Na biyar, awo. A auna tsawo da faɗin ciwon, ko a ɗauki hotonsa da waya duk mako. Bincike a kan masu ciwon suga ya nuna cewa gyambon da bai ragu da rabi ba cikin mako huɗu na jinya, da wuya ya rufe cikin wata uku idan ba a canza salo ba.

Lokacin da ba a jira

Akwai alamun da ke nuna ciwo ya wuce aikin kowane irin bandeji: zazzaɓi da rawar sanyi, kumburi da zafi da ke hawa sama daga bakin ciwon, kaluluwa a matsematsi, yatsa ya yi baƙi ko ya yi sanyi, ƙashi ya bayyana, ko mara lafiya ya fara ruɗewa. A baƙar fata ba kasafai ake ganin ja ba, don haka a lura da wurin da ya ƙara duhu, yana sheƙi, ya fi sauran jiki ɗumi.

Mai irin waɗannan alamu yana buƙatar asibiti a ranar, domin allura ko fiɗa. Ga mai ciwon suga, kwana biyu na jinkiri na iya zama bambanci tsakanin rasa yatsa da rasa ƙafa. Tsoron yankewa ne ke sa wasu ɓoye ciwo a gida har ya ruɓe, alhali zuwa da wuri ne ke hana a kai ga yankan.

Gyambon da ya shekara da shekaru, bakinsa ya tashi kamar farin kabeji ko yana zubar da jini da an taɓa, shi ma yana buƙatar a yanki ɗan nama a gwada, domin tsohon miki yakan rikiɗe ya zama kansa.

Ga masu shiga lambu a Bonkuku da ƙauyukan kewaye a wannan kaka ta dankali, takalmin roba mai rufe ƙafa bai kai kuɗin bandejin azurfa na mako biyu ba. Mai ciwon suga kuma ya mayar da duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu al'adar kowane dare, idan idonsa ba ya gani sosai ya sa wani a gida ya duba masa. Raunin da aka wanke aka rufe a ranar da aka ji shi, aka kai CSI idan ya kwana bakwai bai nuna sauƙi ba, da wuya ya kai matsayin da za a sayar da akuya dominsa.